Taswirar Ƙasar da Ba a Taɓa Takawa Ba

A cikin sana'o'in da alƙalami da takarda suka haifa, da wuya a sami wadda ta kai sana'ar zana ƙasar da babu ita ban mamaki, domin mai zana gari ko kogi ko dutse na haƙiƙa, in ya kuskure, yana iya komawa ya sake duban abin da idonsa ya gyara, alhali kuwa wanda ya ƙago ƙasa daga zuciyarsa ba shi da inda zai koma ya duba face takardar da ke gabansa, ita ce shaidarsa, ita ce kuma alƙalinsa. Saboda haka ne, a ganina, zanen gwaji na irin waɗannan mutane, watau wanda suka yi da fensir a gefen rubutu, suka goge, suka sake, suka liƙa wata takarda bisa wata, ya fi cancantar a zauna a yi nazarinsa a kan kyawawan hotunan da aka kammala aka buga cikin littafi, gama hoton da aka gama yana nuna abin da mutum ya tsaya a kansa ne kurum, na gwaji kuwa yana nuna hanyar da ya bi har ya isa can. Babu kuwa wanda ya bar irin wannan gado mai yawa, mai kuma tsari, kamar John Ronald Reuel Tolkien, shaihun malamin lugga a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, mai littattafan The Hobbit da The Lord of the Rings.

Ba shi ya fara ba. Tun a ƙarni na 13 masu zane na ƙasar Iraki suka yi ta ƙawata littafin Zakariyya Alƙazwini, Aja'ibul Makhluƙat, da surorin halittun da idonsu bai taɓa gani ba, har akwai kwafe guda da aka rubuta a birnin Wasiɗ a 1280, marubucin yana da rai. Sai dai su waɗannan suna ɗauka labari ne suke isarwa na abin da ke can wani tsibiri mai nisa, ba ƙage suke yi ba. Sana'ar da muke magana a kanta ta bambanta da wannan, domin mai yinta ya san ƙasar babu ita, mai karatu ma ya sani, amma duk da haka sun yi yarjejeniya a auna ta da mil da kamu kamar gonar gado. Littafin Utopia na Thomas More, wanda ya fito a 1516, yana ɗauke da taswirar tsibirin da ya ƙaga, amma ita ado ce aka saka bayan an gama magana. Wanda ya juya al'amarin, ya sa taswira gaba labari a baya, shi ne Robert Louis Stevenson, mutumin Sikotilan, wanda a 1881, yana zaune da ɗan matarsa a garin Braemar ana ruwan sama, ya zana wani tsibiri da fenti don wasa, sa'an nan daga kallon gaɓoɓinsa da dazuzzukansa labarin Treasure Island ya taso masa. Da ya aika wa maɗaba'a littafin, sai taswirar ta asali ta ɓace, tilas ya zauna ya bi labarin shafi-shafi yana tsinto duk inda aka ambaci wuri ko nisa, ya sake zana wata da za ta dace da su. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa wannan ta biyu ba ta taɓa zame masa tsibirin nan nasa ba. Wannan ƙorafi na Stevenson ya ƙunshi kusan dukan abin da za a gani a aikin Tolkien.

An haifi Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, mahaifinsa ya rasu can a 1896, mahaifiyarsa Mabel kuwa ta rene shi da ƙanensa a wani ƙauye mai suna Sarehole kusa da Birmingham, ita ce kuma malamarsa ta farko: ta koya masa Latin, da sanin tsirrai, da zane, da kyautata rubutun hannu, kafin ciwon sukari ya ɗauke ta a 1904 yana ɗan shekara 12. Duk wanda ya dubi zanensa na daga baya zai ga alamar wannan tarbiyya, domin hannunsa ya ƙware ga itace da fure da dutse da harafi, amma ya yi rauni ga siffar ɗan Adam, shi ma kuwa bai ɓoye wannan rauni ba, ya sha faɗa wa masu buga littattafansa. Zanensa na ƙuruciya na abin da ya gani ne, gidaje da kwale-kwale da bakin teku. A 1911 ya yi tafiyar ƙasa cikin duwatsun Suwizalan, ya ratsa kwarin Lauterbrunnen mai tsayayyun gaɓoɓi da ruwa yana zubowa daga samansu, wanda masana suka yi ittifaƙi cewa shi ne asalin kwarin Rivendell na cikin The Hobbit da ya zana bayan shekara 26.

Yana ɗalibi a Oxford sai ya soma wani irin zane dabam, na abin da ido bai gani ba. A farkon 1914 ya keɓe wa wannan aiki wani littafin zane da ya raɗa wa suna The Book of Ishness, a cikinsa kuwa akwai hotunan da ya yi da launuka masu ƙarfi: wani na ƙasar Pohja, wanda ya samo daga tsoffin waƙoƙin mutanen Finlan, wani kuma, mai kwanan wata na Mayu 1915, na wani birni a kan dutse a bakin teku tsakanin itatuwa biyu, ɗaya yana ɗauke da rana ɗaya da wata. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da ya yi wannan zane bai rubuta ko babi guda na tarihin duniyarsa da zube ba tukuna, amma itatuwan nan biyu su ne suka zama ginshiƙin dukan almarar da ya shafe sauran rayuwarsa yana rubutawa. Fenti ya riga tawada.

Sa'an nan Yaƙin Duniya na Farko ya zo, aka ba shi aikin hafsan sadarwa a bataliya ta 11 ta rundunar Lancashire Fusiliers, aka koya masa karanta taswirar soja da auna nisa da gane tudu da kwari daga layukan da ke kan takarda, ya kuma yi aiki da wannan ilimi a fagen Somme a Faransa cikin 1916, inda kuskuren taƙi guda a takarda yake iya zama ajalin mutane da yawa. Zazzaɓin ramukan yaƙi ya mayar da shi Ingila a watan Nuwamba na shekarar, yana jinya ya fara rubuta labaran farko. Ina ganin ba a faɗi daidai ba in aka ce yaƙi ya ba shi labari kaɗai; ya ba shi har da ladabin mai auna ƙasa, wanda ba ya yarda ya ce tafiya ta kwana uku ce sai ya tabbata ƙafa za ta iya yin ta cikin kwana uku. Zanen duniyarsa na farko-farko, duk da haka, na mawaƙi ne ba na soja ba: ya siffanta duniya baki ɗaya a matsayin jirgin ruwa mai filafilai, ƙasa ita ce cikinsa, sararin sama su ne filafilan. Sai wajen 1926 ya zana taswira ta sosai ta ƙasashen zamanin farko na almararsa, a kan takardar jarrabawa ta Jami'ar Leeds inda ya koyar daga 1920 zuwa 1925, ya kuma yi ta soke sunaye yana sauya su a kanta shekara da shekaru.

Wannan batu na takardar jarrabawa ya kamata a ɗan tsaya a kansa. Tolkien mutum ne mai iyali, 'ya'ya huɗu, albashi kuwa ba ya isa, don haka duk bazara yakan karɓi aikin duba jarrabawar ɗalibai don ƙarin abin masarufi, kuma a kan wani shafi da ɗalibi ya bari fari ne ya rubuta jimlar farko ta The Hobbit. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin takarda, sai ragowar takardun jarrabawa suka zama su ne abin rubutunsa da na zanensa, har akwai zanen ganuwar Helm's Deep ta cikin The Lord of the Rings da ya yi a kan shafin da amsar wani ɗalibi take bayyane a jikinsa.

Littafin The Hobbit, labarin wani ɗan ƙaramin taliki mai zama cikin rami da ya bi wadanni 13 don ƙwato dukiyarsu daga wani dodo mai fesa wuta, ya isa maɗaba'ar George Allen & Unwin ta Landan a 1936. Mai maɗaba'ar, Stanley Unwin, ya ba ɗansa Rayner, yaro ɗan shekara 10, ya karanta ya rubuto ra'ayinsa a kan ladan sule guda, yaron kuwa ya ce a buga. Niyyarsu ta farko taswira kaɗai za a saka, amma a Janairun 1937 Tolkien ya aika musu da wasu zane-zanensa yana ta ba da hanzari cewa ba su da kyau, su kuwa suka ga kyansu suka karɓa, littafin ya fito ranar 21 ga Satumba 1937, kwafe 1,500, da taswira biyu da hotuna goma marasa launi. A nan ne mai zane ya fara karo da abin da kowane mai wannan sana'a yake karo da shi, watau hisabin maɗaba'a. A taswirar wadannin akwai wasu haruffa na asiri waɗanda, bisa ga labarin, ba a ganinsu sai an ɗaga takardar ga hasken wata. Tolkien ya so a buga su a bayan takardar a juye, domin yaro mai karatu ya ɗaga ta ga fitila ya gan su da kansa kamar yadda mutanen labarin suka yi, aka ce kuɗin ya yi yawa. A bangon littafin ya zana rana da dodon da jan launi, aka ce kowane launi sai an sake bi da takarda ta cikin injin, aka cire jan, aka bar shuɗi da kore da baƙi. Ba na zargin maɗaba'ar, littafin yara ne na marubucin da ba a sani ba, kuma sun yi masa abin da ya fi na al'ada; amma wanda bai ga zanen asali ba bai san cewa akwai rana ja a wannan sama ba sai bayan shekaru masu yawa da aka mayar da ita.

Akwai wani zane nasa da tarihinsa ke nuna yadda hoto guda yake yi wa mai ƙaga duniya hidima sau da yawa. A 1928 ya yi hoton wani baƙin daji da fentin ruwa, manyan itatuwa sun rufe sama, a gindinsu kuma wasu 'yan mutane biyu ƙanana ƙwarai, don wani labari na zamanin farko. A 1937 ya sake zana dajin nan da tawada, ya cire mutanen ya sa gizo-gizo, ya kira shi Mirkwood, ya shiga The Hobbit. A ƙarshen rayuwarsa kuma, da aka nemi hotuna don kalanda, ya ɗauko na 1928 ɗin ya rubuta masa sunan daji na uku, Fangorn. Daji ɗaya ne a zuciyarsa, sunaye ne suka yi ta sauyawa.

Amma inda zanen gwaji ya zama kayan aiki na tilas, ba abin sha'awa ba, shi ne The Lord of the Rings, wanda ya fara a Disamba 1937 bai kai ƙarshensa ba sai 1949. Babbar taswirar da ya yi aiki da ita cikin waɗannan shekaru tana nan a Ɗakin Karatu na Bodleian a Oxford, kuma ba ta yi kama da wadda aka sani a ƙarshen littafi ba ko kaɗan. Takardu ne da dama aka haɗa da gam, domin duk sa'ad da labari ya yi kudu ko gabas ya wuce bakin takarda sai ya ƙara wata. Inda kuwa ya sake shawara game da wani yanki, sai ya zana sabo a ƙyallen takarda ya manna bisa tsohon, har wani wuri ya yi hawa-hawa. Ya ja mata layuka a tsaye da a kwance, kowane gida santimita 2, kowane gida kuma mil 100. Ta karye a wuraren naɗi don yawan buɗewa da rufewa, an ɗaure ta da tef, akwai kuma 'yan ramukan ƙuna inda garwashin lofensa ya faɗa. Ɗansa Christopher, wanda ya kwafe ta da fensir da alli mai launi a 1943, shi ne daga baya ya bi ta hawa-hawa, ya rarrabe abin da aka fara zanawa da abin da aka liƙa a kai, ya buga sharhinsa a 1989 cikin mujalladi na bakwai na tarihin rubuce-rubucen mahaifinsa, da irin tahaƙiƙin da malamai ke yi wa tsohon kundi mai hashiya bisa hashiya.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin daga tsakiyar labarin ayarin matafiyansa ya watse kashi-kashi, wasu sun nufi gabas a ƙasa, wasu an sace su ana gudu da su, wasu suna binsu, wasu suna kan dawaki, kuma tilas ne duk su haɗu ko su saɓa a ranar da ta dace. A wata wasiƙa ta 1954 Tolkien ya bayyana cewa ya fara da taswira ne ya sa labari ya bi ta, kuma wanda ya yi akasin haka zai faɗa cikin ruɗani da abin da ba shi yiwuwa. Bai tsaya ga ƙasa ba, ya haɗa da falaki: ya ɗauki kwanakin wata na 1941 da 1942 ya ɗora labarinsa a kansu, ya ja jadawali mai layi-layi, kowane layi na mutum guda ko ƙungiya guda, kowace rana da inda kowa ya kwana, don kada wani ya ga wata ya cika a daren da ɗan'uwansa, can wata ƙasa, yake ganin jinjiri. A 1944 ya rubuta wa Christopher, wanda ke koyon tuƙin jirgin sama a Afirka ta Kudu, cewa wata ya ba shi wahala, ya shafe lokaci yana gyaran babi-babi saboda shi. Mai karatu ba zai taɓa ƙirga waɗannan kwanaki ba, lalle. Amma yana jin ƙasar tana da nauyi a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da ya san dalili ba, dalilin kuwa shi ne wannan jadawali.

Cikin rubutun hannun kansa ma, sau da yawa sai a ga magana ta tsaya a tsakiyar shafi, zane ya shigo, sa'an nan magana ta ci gaba tana kewaya zanen. Haka ya yi da mashigin dutsen Cirith Ungol, inda Frodo da Sam, biyu daga cikin matafiyan, za su bi ta kogon wata ƙatuwar gizo-gizo: ya kasa sanin inda matakala take da inda hasumiya take da abin da mai hawa zai hango daga ƙasa, sai da ya zana dutsen a gefen shafi. Hasumiyar Orthanc kuwa ta fara ne a matsayin gini mai hawa-hawa, kewayayye, na jeren duwatsu irin na magina, ya zana ta haka, ya dube ta, bai gamsu ba, ya yi ta sake ta a ƙananan zane har ta zama baƙin dutse guda mai ginshiƙai huɗu a haɗe, da ƙahoni a bisa, sa'an nan ya koma ya gyara nassin ya dace da zanen. Aikinsa a nan ya yi kama da na maginin gargajiya a ƙasar Hausa, wanda yakan shata soro da ƙafarsa a kan ƙasa, ya tsaya a ciki ya duba ko zai ɗauki baka, ya share da tafin ƙafa ya sake shatawa, tun ba a kwaɓa ƙasa ba. Bayan an gama gini ba mai ganin shatin, alhali shi ya hukunta kome.

Abin da ya fi ba shi ciwo a wannan littafi shi ne warƙoƙi uku. A cikin labarin, matafiya sun tsinci wani tsohon kundi a ƙarƙashin dutsen Moria, Littafin Mazarbul, wanda wadanni suka rubuta tarihin zamansu a ciki har zuwa sa'ar da aka hallaka su, an sassare shi, wuta ta ci gefensa, jini ya ɓata shi. Tolkien ya zauna ya ƙera shafuka uku na wannan kundi da hannunsa, bayan gwaji da yawa: ya rubuta su da haruffan da shi ya ƙaga, da hannun marubuta dabam-dabam, layin ƙarshe a gurguje irin na mai jin maƙiya a bakin ƙofa, ya ƙona gefensu, ya yayyaga su, ya huda ramukan ɗinki a gefe ɗaya, ya shafa musu jan fenti da ruwan ƙasa. Nufinsa mai karatu ya riƙe shaida a hannunsa. Amma littafin ya riga ya yi girman da sai an raba shi mujalladi uku, kowane sule 21, Rayner Unwin, wanda ya girma ya shiga aikin mahaifinsa, yana lissafin za su iya hasarar fam 1,000, don haka aka ce buga warƙoƙin da launi ba zai yiwu ba. Mujalladi na farko ya fito ranar 29 ga Yuli 1954 babu su. Ba a saka su cikin littafin ba sai a bugun cika shekara 50, a 2004, shekara 31 bayan rasuwar mai su.

Taswirar da duniya ta sani, mai baƙi da ja, ba hannun Tolkien ba ce, ta Christopher ce, domin ta uban ta riga ta cukurkuɗe yadda ba mai iya buga ta. A Afrilun 1955, maɗaba'a tana jiran taswirar Gondor da Mordor don mujalladi na uku, uban ya shafe kwanaki yana sake awo a takarda mai gida-gida, ukun ƙarshe kusan ba ci ba barci, ɗan kuma ya karɓa ya zauna awa 24, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na safen gobe, ya fitar da ita a tsabtace. Shi ne kuma, bayan rasuwar uban, ya fitar da The Silmarillion, labaran zamanin farko, a 1977, da mujalladi 12 na daftarorinsa tsakanin 1983 da 1996, ya riƙe wannan amana har ya rasu a 2020.

Cikin masu zanen da suka yi aiki da shi yana raye, wadda ya fi amincewa da ita ita ce Pauline Baynes, kuma ba banza ba: a lokacin yaƙi ta yi aikin zana taswirar teku ga rundunar jiragen ruwan Ingila, ta kuma ƙware ga salon masu ƙawata kundaye na zamanin da. Ita ta zana masa Farmer Giles of Ham a 1949, ta nan kuma ta sami aikin littattafan Narnia na abokinsa C. S. Lewis. A 1969 aka ba ta aikin yin babbar taswira mai launi ta rataye a bango, sai ta cire wadda ke cikin littafinta, Tolkien ya bi ta da koren tawada da fensir yana ƙara sunaye, yana nuna inda za a sa dawaki da raƙuma da giwaye, da irin jiragen da suka dace da kowane teku, ya kuma rubuta cewa ƙauyen Hobbiton yana daidai da Oxford wajen nisa daga tsakiyar duniya, birnin Minas Tirith kuwa daidai da Ravenna ta Italiya, don ta san irin tsiron da yanayin kowane wuri zai ɗauka. Wannan takarda ta kwanta cikin littafinta har bayan rasuwarta a 2008. A 2015 aka same ta, kantin littattafai na Blackwell's ya sa mata fam 60,000, Bodleian ta saye ta a 2016. A auna wannan da abin da ya faru a 1957, sa'ad da Jami'ar Marquette ta birnin Milwaukee a Amurka ta sayi rubutun hannu na The Hobbit da The Lord of the Rings da wasu littattafai biyu, dubban shafuka, a kan fam 1,500. Wannan ciniki ne ya raba gadon biyu, yawancin matani da zanen da ke cikinsa a Amurka, yawancin hotuna da taswirori a Oxford, har mai bincike yakan ga rabin tunani guda a wannan gaɓar teku, rabin a waccan.

Bayan ya yi ritaya a 1959 hannunsa bai huta ba. Yana cike wasan kalmomi na jarida sai ya riƙa zana furanni da ƙulle-ƙulle da biro mai launi a gefen shafin, waɗanda suka yi masa kyau ya sake su a takarda mai kyau ya ce zanen darduma ne ko na tayil na mutanen tsibirin Númenor na almararsa, ya kuma ƙaga wa sarakunan zamanin farko tambura, da ƙa'idar yawan tsinin da ya kamaci kowane matsayi. Tun a 1945 ya buga wani gajeren labari, Leaf by Niggle, na wani mai zane da ya ƙware ga ganye guda amma ya ɗauko zanen itace mai girman da sai da tsani, yana ta liƙa ƙananan hotunansa a gefen babban, hidimar maƙwabci tana katse shi, har tafiyar da ba makawa ta zo bai gama ba. Ya rubuta shi ne sa'ad da The Lord of the Rings ya tsaya masa yana tsoron ba zai kammala ba. The Lord of the Rings dai ya kammala shi. Babban aikin da ya fara tun 1916 kuwa, watau The Silmarillion, ya rasu ya bar shi a daftari.

Abin da Tolkien ya yi shi kaɗai a ɗakin karatunsa yanzu ya zama sana'a mai albashi da ma'aikata. Alan Lee, wanda ya yi hotuna 50 na fentin ruwa don bugun cika shekara 100 da haihuwar marubucin, da John Howe, mutumin Kanada, sun tafi New Zealand a 1998 bisa gayyatar mai shirya fim Peter Jackson, suka shafe shekaru suna zana ƙofofi da takubba da sirdi da gadoji da fensir, kafintoci da maƙera da masu kwamfuta suna mayar da su abin da aka gani a finafinai uku na 2001 zuwa 2003. Lee ya sami lambar Oscar a 2004, ya kuma buga littafin zanensa na gwaji a 2005. Ina girmama aikinsu ƙwarai, musamman fensirin Lee, wanda yake barin gefen abu ya narke cikin farin takarda, ya bar wa mai kallo abin da zai cika da kansa. Amma akwai bambanci da bai kamata a manta ba. Su suna zana ƙasar da wani ya riga ya auna ya sa mata iyaka, tambayarsu ita ce yaya kamanninta. Shi kuwa sa'ad da ya ɗauki fensir bai san abin da ke bayan dutsen ba tukuna, zanen ne zai gaya masa.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan takardu a matsayin shara ta bayan aiki. Wayne Hammond da Christina Scull ne suka fara tattara su da nazari na ilimi a littafinsu na 1995, suka biyo da na The Hobbit a 2011, da na The Lord of the Rings a 2015 mai ɗauke da zane fiye da 180, ciki har da waɗanda ba su wuce ɗan layi uku a gefen shafi ba. A 2018 Bodleian ta yi baje koli, ta aro wasu daga Marquette ta haɗa su da nata, mutum fiye da 100,000 suka je gani. A 2021 kuma aka fitar da bugun The Lord of the Rings da zanen marubucin kansa a ciki, na gamawa da na gwaji. Wanda ya sami wannan bugu ya kamata ya riƙa duba shekarar kowane zane kafin ya gwada shi da nassin da ke kusa da shi, domin wasunsu sun girmi nassin da shekaru, suna nuna hasumiya ko ƙofa ko hanya a siffar da Tolkien ya gwada ya bari kafin ya rubuta abin da aka buga.